Ina tsoffin barikokin soja sunka shiga? Tarihinsu, filayensu da abin da yaran bariki ke tunawa

Tun ranar 22 ga Disamba 2023 da ragowar sojojin Faransa sunka tashi daga Yamai, na Amurka kuma sunka bi sahunsu a 2024, maganar bariki ta dawo bakin mutane. Sai ga shi a watan Oktoba 2024 an canza sunayen wasu tituna da wurare, titin De Gaulle ya koma Djibo Bakary, dandalin Monteil ya koma Thomas Sankara, daga nan hira ta ƙara faɗi. A fada ko a wurin biki sai ka ji dattawa biyu suna gardama kan fili guda, wanga ya ce nan filin fareti ne lokacin da yake yaro, wancan ya ce ai gonar kakanninsa ce tun kafin Nasara ya zo, matashin da ke zuba musu shayi kuwa shi dai ya buɗe ido ya ga shaguna da gareji. Sau da yawa duka ukun gaskiya suke faɗi, kowa dai zamanin da ya gani yake ba da labari. Abin da ke rikita mutane shi ne yadda bariki guda da ganuwarsa da ɗaruruwan iyalai zai ɓace, da kuma wanda ke da filin bayan ya ɓace.

Wane bariki ake nufi

Idan tsoho ya ce bariki, sai an tambaye shi wanne. A zamanin mulkin mallaka unguwar kumandan gaba ɗaya, da ofis da gidan kaso da gidajen gardi, duk bariki ake ce mata. Ban da wannan akwai ganuwar yaƙi da anka gina don tsare hanya ko rijiya, akwai zangon soja na cikin gari inda sojoji ke zaune da matansu da ɗiyansu, akwai na jandarma da na gardi waɗanda ba ƙarƙashin shugabanci guda suke da soja ba ko da yake yaro duk kaki yake gani, sannan akwai sansani irin na zamanin yanzu wanda filin jirgi ne da tantuna da kwantena, babu iyali ciki. Rabin gardamar da ake yi daga nan take tasowa, mutum biyu na magana kan wuri biyu daban da suna ɗaya.

Ita ma ɓacewar ba iri guda ba ce. Wani barikin yana nan daram sunansa ne kawai ya canza. Wani an tashe shi an maida shi bayan gari. Wani an yi ta yankan gefensa kaɗan kaɗan har ya zama ba a gane iyakarsa. Wani kuma can cikin hamada anka bar shi rairayi ya rufe.

Yadda anka kafa su

Barikokin farko ba don tsaron gari anka yi su ba, don riƙe hanya ne. Faransawa sun kafa a Say a 1897, Dosso a 1898, sannan bayan ɓarnar da ayarin Voulet da Chanoine ya yi a 1899, wanda ya ƙone Birnin Konni ya kuma yaƙi Sarauniya a Lugu, ragowar ayarin sunka ci Damagaram a wannan shekarar, anka gina ganuwar da sunka sa wa sunan Cazemajou, kaftin ɗinsu da anka kashe a garin a 1898. A 1900 anka kafa abin da sunka kira yankin soja na uku, wato ƙasar nan tamu da farko soja ne ke mulkinta kai tsaye, sai a 1922 ta zama koloni. Shi ya sa a garuruwa da yawa bariki ya riga lakwal da asibiti da kasuwar zamani zuwa.

Labarin Tahoua ya fi nuna abin a fili. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila sunka yi a watan Yuni 1898 ta zana iyaka kamar baka, nisan kilomita wajen 160 kewaye da Sakkwato, duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ke nan Bafaranshen da zai tashi daga bakin kogi zuwa Damagaram ba shi da damar bin Konni, dole ya yi arewa ta Filinge ya faɗo Tahoua, hanya mai ƙarancin ruwa. Wanga ne ya sa Tahoua ta zama matattarar soja tun farkon shekarun 1900, zamanin da hafsan Faransa Gouraud ke yankin ana yaƙi da Buzayen Kel Gress, har anka yi karon Galma a 1901. Da anka gyara iyakar a 1904 da 1906 hanyar kudu ta buɗe, wasu ƙananan zangunan da anka kafa bakin rijiyoyin hanyar arewa sai amfaninsu ya ragu. Irin waɗannan su ne barikokin farko da sunka ɓace, kuma da yake da laka da itace anka yi su, damina kaɗan ta ishe su.

A Yamai ma da zangon soja anka fara a farkon shekarun 1900, hedikwatar mulkin ƙasar ta koma Damagaram a 1911, ta dawo Yamai a 1926. A arewa akwai ganuwar Dufau ta Agadez wadda Kaocen ya yi wa ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da ta Dromard a Bilma, da Madama da anka gina a farkon shekarun 1930 can kusa da iyakar Libiya. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne waɗanda sunka kwaɓa lakar sunka ɗauki tubalin. Talakawa ne da anka kamo aikin tilas ta hannun sarakuna, kuma ba a soke aikin tilas a doka ba sai a watan Afrilu 1946. Don haka akwai iyalai da dangantakarsu da tsohon bariki ta gumi ce, ko da babu ɗansu ko ɗaya da ya taɓa sa kaki.

Bayan ƴancin kai

An kafa rundunar sojan ƙasa ranar 1 ga Agusta 1961, kuma ta gaji yawancin gine-ginen da Faransa ta bari. Amma sojan Faransa bai fita gaba ɗaya ba, yarjejeniyar tsaro ta Afrilu 1961 ta ba shi damar zama, har sai da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ya ce su tafi. Barikinsu na Yamai da ake kira Leclerc ya koma Bagaji Iya. A Damagaram tsohuwar ganuwar Cazemajou ta ɗauki sunan Tanimun. To ka ga wanda ya yi yarinta a 1965 da wanda ya yi tasa a 1985 suna iya zama a layi guda cikin bariki guda amma kowa da sunan da ya sani.

Zagaye na biyu kowa ya gan shi. Daga 2013 jirage marasa matuƙi na Faransa da na Amurka sunka sauka a sansani na 101 da ke jikin filin jirgin Diori Hamani, Faransa ta sake buɗe Madama a 2014 ta janye daga can a 2019, Amurka ta gina sansani na 201 a Agadez da kuɗɗi sama da dala miliyan 100, Jamus kuma ta horar da sojoji na musamman a jihar Tahoua, musamman Tillia. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin CNSP, wato majalisar sojojin da sunka karɓi mulki, sun soke yarjejeniyoyin soja da Faransa ranar 3 ga Agusta, jama'a sunka yi zaman dirshan a shataletalen Eskadiri, sojojin Faransa wajen 1,500 sunka kwashe daga Yamai da Ouallam da yankin Ayorou. An soke ta Amurka ranar 16 ga Maris 2024, sun bar 101 a Yuli, sun bar Agadez ranar 5 ga Agusta, Jamusawa sun tafi ƙarshen watan. Waɗannan wurare duk an miƙa su ga sojan Nijar ne, ba su zama kufai ba, wanda ya ji ana cewa wai za a raba filayensu to ya san ba haka dokar take ba.

Gari ya cimma bariki

Babban abin da ya haɗiye tsoffin barikoki dai yawan jama'a ne. Yamai a 1960 mutum wajen dubu 30 ne, a ƙidayar 2012 ta wuce miliyan ɗaya. Barikin da anka kafa can bayan gari inda ake jin kukan dila, yau sai ka same shi tsakiyar kartiye, ga lakwal ga kasuwa ga tashar faba-faba a ƙofarsa. Gamkalle ƙauye ne a da, Tondibiya da ake horon sabbin sojoji tafiya ce ta sosai daga gari, yanzu gine-gine sun kusa haɗe su.

Abin ba rana ɗaya yake faruwa ba. Da farko masu tuwo da masu wanki da masu gyaran keke ke kafa rumfa jikin katanga don akwai ciniki, sai tsohon soja da ya yi ritaya ya nemi ɗan wuri nan kusa don bai san wani gari ba sai wannan, sai filin harbi ya zama ba ya yiwuwa don gidaje sun matso, a daina amfani da shi, bayan shekaru a yi lotisma a kansa. Ga kuma matsin neman fili da ya ƙaru a farkon shekarun 2000 lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Wanda ya san yadda anka cinye shingen itatuwan da anka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, ya san yadda filin gwamnati da ba a tsare ba ke ƙarewa. A Tahoua kuma ayyukan Tahoua Sakola na bikin 18 ga Disamba 2017 sun canza fuskar tsakiyar gari ƙwarai, da sabbin hanyoyi da gine-gine, har wanda ya daɗe a Abidjan ko Libiya in ya dawo sai ya nemi mai nuna masa wuraren da ya yi wasa.

Filin na wane ne

A nan ne maganar ta fi nauyi. Dokar da muka gada ta kasa dukiyar gwamnati gida biyu. Akwai wadda ke ta jama'a duka, kamar hanya da gaɓar kogi da gine-ginen tsaro, wannan ba a saida ta, kuma komai daɗewar mutum a kanta ba ta zama tasa, tsarin ya samo asali ne tun daga dokar 1928 ta ƙasashen Afirka ta Yamma renon Faransa. Akwai kuma wadda gwamnati ke riƙe da ita kamar yadda mutum ke riƙe da gidansa, tana iya bayarwa ko saidawa. Kafin fili ya tashi daga kashi na farko ya koma na biyu sai an yi takardar hukuma da ta fitar da shi. Tafiyar soja kaɗai ba ta yin wannan aikin. Katanga na iya faɗuwa, ciyawa ta fito, shekara talatin ta wuce, amma a rajistar filaye wurin yana nan da sunan gwamnati.

Sai ɓangaren masu gonaki na asali. Dokar 1935 ta ce duk filin da babu kowa kuma ba shi da mai shi na gwamnati ne, kuma da wannan hujjar anka karɓi gonaki da makiyaya da yawa waɗanda a al'ada kowa ya san masu su, sai dai sun yi saura ne ko ba su da takarda. An sassauta abin a 1955, sannan kundin dokar karkara na 2 ga Maris 1993 ya amince cewa mallakar gado ta al'ada mallaka ce. Ita kuma doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda anka yi wa gyara a 2008, ta ce in gwamnati za ta karɓi fili don amfanin jama'a sai ta biya diyya. Da waɗannan ne jikokin masu gonaki ke kafa hujja, suna cewa an karɓa ne don soja, tunda soja ya tashi sai a maido. Lauyoyin gwamnati kuma na cewa abin da ya shiga rajista tun zamanin Nasara ya shiga, dokar da ta zo daga baya ba ta komawa baya ta warware shi. A tsakiyarsu ga mutum na uku, wanda ya tara jikkunansa ya sayi fili hannun dillali da takardar saye kawai, ba shi da takardar meri ba shi da titir fonsiye, wato babbar takardar mallaka da ke cikin rajista. In rigima ta tashi shi ne ya fi kowa rauni, alhali shi ne ya zuba siminti.

Abin da yaran bariki ke riƙe da shi

Waɗanda sunka tashi a bariki labarinsu na kama da juna ko a Yamai ne ko Tahoua ko Agadez. Busar asuba da ke tada kowa tun kafin ladan ya gama, tsayawa cak duk inda kake in ana ɗaga tuta ko sauke ta, ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa, pampo guda da mata ke layi da bokiti ana faɗa ana shiryawa, inuwar dogon yaro, ƙwallo a filin fareti in manya sun tashi, da satar hanya zuwa filin harbi tsintar kwanson harsashi duk da bulalar da ke jiran wanda anka kama. Yaro ɗaya sai ya tashi da Hausa da Zabarmanci da ɗan Fulatanci da Barbarci da Buzanci, ga Faransancin soja a kai, don maƙwabcin dama daga Diffa yake na hagu daga Tera. A ƙasar da ake yawan maganar haɗin kan ƴan ƙasa, bariki na cikin wurare kaɗan da abin ya faru a tukunya da tabarma.

Amma akwai ɗaya fuskar da su ma ba sa ɓoyewa. Gidan bariki aro ne. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta fito kamyo zai tsaya a ƙofa, aboki ya tafi ba sallama, ranar da uba ya yi ritaya ko ya rasu kuwa iyali sai su nemi wurin zama. Wasu na tuna daren da anka rufe ƙofa anka ce kowa ya kwanta ƙasa, a 1974 ko lokacin boren sojoji na 1992. Shi ya sa ɗan bariki in ya girma ba shi da gidan gado da zai nuna, garinsu shi ne wancan layin, in anka rushe shi babu inda zai kai ɗiyansa ya ce nan anka haife ni.

Ta fuskar tarihi tunanin nan na da daraja, yana kuma da iyaka. Yaro ba ya auna nisa daidai, filin da yake gani kamar ba ya ƙarewa wataƙila bai fi kare huɗu ba, yana haɗa shekaru, yana haɗa barikin gardi da na soja. Takardu sun fi shi a kwanan wata da iyaka, sai dai yawancinsu ba a kusa suke ba, na soja suna Vincennes a Faransa, na mulkin mallaka suna Aix-en-Provence, ita ma a Faransa, da Dakar, wasu na ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai, ga hotunan sama da anka ɗauka a shekarun 1950. Su kuma takardun hafsoshi ne sunka rubuta su, za ka samu gidan kumandan da ma'ajiyar makamai, da wuya ka samu layin matan soja ko rijiyar da anka cike ko inda anka binne jarirai. Wannan sai a bakin wanda ya zauna wurin. Yamai na da cibiyoyin da aikinsu ke nan, IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Abdou Moumouni, da CELHTO mai tattara tarihin baka, kuma waɗanda sunka yi yarinta kafin 1960 yau sun haura shekara saba'in, don haka lokacin ɗaukar muryarsu ba shi da yawa.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu cewa a fitar da bariki daga cikin gari hujjarsu tsaro ce. Suna kawo fashewar ma'ajiyar makamai ta Ikeja a Legas ranar 27 ga Janairu 2002 da ta ci rai sama da dubu, da ta Mpila a Brazzaville a Maris 2012, da ta Bata a ƙasar Equatorial Guinea a 2021, da ta N'Djamena a Yuni 2024, duka a tsakiyar gidajen mutane. Suna ƙarawa da harin da anka kai barikin Agadez ranar 23 ga Mayu 2013, cewa maƙwabcin bariki yanzu yana cikin haɗari. Masu cewa a bari kuma na duba kuɗɗin gina sabo a lokacin da ake yaƙi, da nisan lakwal da asibiti ga iyalan soja, da ƴan kasuwar da cinikinsu ya dogara da bariki, sannan suna tsoron kada fili mai tsada a tsakiyar gari ya ƙare a hannun mutum biyar masu hanya. Hujjar farko ta fi ƙarfi kan ma'ajiyar harsasai da filin harbi, ta biyu ta fi ƙarfi kan gidajen iyali, kuma ba dole ne a yanke musu hukunci guda ba.

Kan tsoffin gine-ginen Nasara ma haka. Wasu na ganin alamar wulaƙanci ce a share, wasu na cewa kakanninmu ne sunka gina da hannunsu kuma shaida ce a kan abin da anka yi musu, in an rushe wa zai yarda. Doka mai lamba 97-022 ta 1997 ta ba da damar sa gini cikin kayan tarihin da ba a taɓawa, amma sai an bi an yi rajistarsa, ga shi kuma wurin soja ba a shiga da kyamara.

Abin da ya shafi mai gida da mai rumfa

Wanda zai sayi fili a wurin da tsofaffin unguwa ke kira tsohon bariki ko filin harbi, ya kamata ya wuce maganar dillali, ya je meri da ofishin rajistar filaye ya tambaya ko an fitar da wurin daga dukiyar jama'a kuma lotisman na da izini. Mai rumfa jikin katanga ya san zamansa na alfarma ne, rusau irin wanda anka yi a Yamai a 2016 ba ya zuwa da diyya ga wanda ba shi da takarda. Iyalan da ke da'awar gonar gado kuma shaidar dattawa na da amfani gaban alƙali, ta fi amfani in an rubuta ta tun suna raye.

Sai maganar abin da ke cikin ƙasa. A Madama, Nijar da kanta ta sanar a ƙarƙashin yarjejeniyar Ottawa, wadda ta hana binne nakiyoyin kashe mutane, cewa akwai nakiyoyin da anka binne kewaye da barikin tun zamanin Faransa, kuma ta nemi ƙarin lokaci fiye da sau ɗaya don kwashe su. Ba kowane tsohon bariki ke da nakiya ba, amma tsohon filin harbi na iya riƙe harsashi ko gurneti da bai tashi ba shekaru da yawa. Magini mai haƙa tushe, da yaran da ke tsintar ƙarfe suna kai wa masu awo, in sun ci karo da ƙarfen da ba su gane ba kada su taɓa kada su jefa wuta, a sanar da jandarma ko ƴan sanda mafi kusa.